Doki Nawa Wayar Unguwa Za Ta Ja? Tarihin Wuta da Injinan Ƙarfe a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni



A Kano idan yara suka ɗauki ihun "an kawo wuta!", to ga yawancin mutane magana ta ƙare: a kunna fanka, a sa waya a caji, a duba firji. Amma akwai mutum ɗaya a layin da ihun nan bai gama ba shi labari ba. Shi ne mai ƙaramin shagon aikin ƙarfe, irin waɗanda za ka tarar a lungunan Gyaɗi-Gyaɗi da kewayen kasuwar Tarauni har zuwa Unguwa Uku: masu walda, masu sassaƙa ƙarfe da inji, masu huda, masu ƙera injin niƙa da na markaɗe. Shi sai ya ƙara tambaya uku. Layi nawa aka kawo, ɗaya ne ko biyu ko ukun duka? Da ƙarfinta ko rabi ce? Za ta kai ya gama abin da ya ɗaura a kan inji? Amsoshin nan su ke yanke masa girman shago da irin aikin da zai karɓa da yawan yaran da zai iya riƙewa, fiye da yadda basirarsa ko jarinsa ke yankewa. Abin da za mu bi sawunsa yau shi ne yadda aka yi wayar da ke shiga waɗannan unguwanni ta zama ta fitila, alhali mutanen da ke ƙarƙashinta so suke ta ja musu inji.

Aikin ƙarfe a Kano ya girmi lantarki da fiye da shekara dubu. Masu haƙar kayan tarihi sun gano alamun narka tama a Dutsen Dala da suka kai ƙarni na bakwai, kuma labarin kaka da kakanni yana cewa Abagayawa maƙera ne da suka taso daga Gaya neman tama. Duk tsawon wannan zamani ƙarfin maƙera bai wuce na jikin mutum ba, yaro a kan zuga-zugi, maigida da masaba a kan uwar maƙera. In ana so aiki ya ninka sai a ƙara hannu. Zuwan jirgin ƙasa a 1911 ya canza ƙarfen da ake sarrafawa, don tarkacen ƙarfen Turawa ya fi tama arha da sauƙin samu, har aka bar narka ta. Amma ƙarfin da ke sarrafa shi yana nan yadda yake, damtse ne.

Kafin mu ga yadda damtse ya miƙa wa waya aiki sai mun ɗan leƙa waje, don injinan da ke cikin shagunanmu can aka haife su, kuma da sharuɗɗansu suka zo. A ƙarshen ƙarni na 18 James Watt yana son ya sayar wa masu ma'adinai da masu masana'antu injinsa na tururi, su kuwa da dawakai suka saba aiki, sai ya riƙa auna musu ƙarfin injin da na doki. Ma'aunin ya zauna har yau. Doki ɗaya wat 746 ne, wato kusan kashi uku cikin huɗu na kilowat. Shi ya sa za ka ji ana cewa wannan inji mai doki biyar ne, wancan mai goma. A wancan zamani masana'anta inji ɗaya gare ta babba, yana juya wani dogon sandan ƙarfe da aka rataye a rufi, kowane ƙaramin inji kuma yana karɓar rabonsa daga sandan ta hanyar bel. Wanda ba shi da kuɗin tukunyar tururi da ɗakin ajiye ta, ba shi ba injin.

Abin da ya karya wannan shinge shi ne moto, wato na'urar nan mai naɗin waya a ciki da ke mai da lantarki juyi. Nikola Tesla a Amurka da Mikhail Dolivo-Dobrovolsky a Jamus suna cikin waɗanda suka daidaita shi a ƙarshen shekarun 1880, kuma a 1891 aka janyo wuta mai layi uku daga Lauffen zuwa Frankfurt, tafiyar kilomita 175, duniya ta ga cewa ana iya yin ƙarfi a wani gari a ci moriyarsa a wani. A 1899 moton lantarki bai kai kashi 5 cikin ɗari na ƙarfin da ke juya injinan masana'antun Amurka ba. Zuwa 1929 ya kai wajen kashi uku cikin huɗu. Wanda ya fi kowa cin riba a wannan sauyi ƙaramin mai sana'a ne, don ya huta da mallakar tushen ƙarfi. Ya sayi moto daidai aikinsa, ya ja waya, ya biya abin da ya sha.

Maganar layi uku ita ce ginshiƙin komai a nan, don haka bari mu tsaya a kanta. Ku ɗauki mata uku a kan turmi ɗaya suna lugude. Taɓarya ɗaya na tashi wata na sauka, turmin ba ya taɓa zama ba duka. Haka wuta mai layi uku take: kowane layi yana tura moton a lokacinsa, bi da bi, sai ya tashi da kansa ya yi ta juyawa sumul. Layi ɗaya kuwa mace ɗaya ce a kan turmi, tsakanin duka da duka akwai giɓi, shi ya sa moton layi ɗaya sai an haɗa masa da kafasita ta ingiza shi kafin ya tashi, kuma ba kasafai ake yin sa ya wuce doki uku zuwa biyar ba. Manyan injinan sassaƙa ƙarfe da na yanka da na lanƙwasa, kusan dukansu 'yan lugude ne. Ku riƙe hoton matan nan uku, za mu sake buƙatarsa.

A Nijeriya an fara kunna lantarki a Legas a 1896, da injinan da ƙarfinsu duka kilowat 60 ne, don fitilun gidan gwamna da titunan kusa da shi. A 1929 kamfanin NESCO ya fara samar da wuta daga ruwan Kurra a ƙasar Jos, don haƙar kuza. Tun daga nan aka raba gado: talakan gari in ya samu, haske zai samu, ƙarfi kuwa na babban kamfani ne. A Kano an buɗe aikin ruwa da wuta na Calawa a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, kuma abin alfahari ne ƙwarai, don da kuɗin baitulmalin En'e aka yi shi, wato harajin mutanen Kano da jangalinsu. Sai dai sunan da Turawa suka ba aikin ma ya faɗi nufinsa, ma'aikatar ruwa da fitilar lantarki. Ƙarfin wutar na famfunan da ke turo ruwa daga kogi zuwa birni ne, abin da ya saura na ƙwan fitila.

Harshenmu ma ya taya ɓoye bambancin. Mun ɗauki kalmar "wuta", wadda muka sani da haske da zafi, muka ba wannan baƙuwa. Ba laifi, sunan ya zauna da kyau. Amma kalmar ba ta ɗauke da ma'anar ja ko ɗaga kaya, shi ya sa har gobe in ana hirar lantarki a gidajen rediyo, ko a majalisar unguwa, tambayar ita ce akwai ko babu, kuma awa nawa. Ba a cika jin mai tambayar doki nawa za ta ja ba.

A 1951 hukumar ECN ta karɓi tashoshin wuta daga hannun En'e-En'e da ma'aikatar ayyuka. A lokacin nan Bompai ta fara cika da masana'antu, na matsar gyaɗa da na fata da na sabulu da sauransu. Da aka zo tsara faɗaɗar birni, shirin shekara ashirin na Trevallion, 1963 zuwa 1983, ya bi tunanin masu tsara birane na Ingila a wancan zamani: nan wurin kwana, can wurin aiki, kada su haɗu. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970, aka ƙara Sharaɗa da Calawa a kan Bompai. Can aka kai manyan layuka, kowace masana'anta da taransifomarta a cikin harabarta. Ita kuwa wutar ta daina zama 'yar gida. An gama madatsar Kainji a 1968, mai megawat 760, aka haɗe ECN da hukumar madatsun Neja aka haifi NEPA a 1972, daga baya Jebba ta zo a 1985, Shiroro a 1990. Wutar Kano ta koma tahowa daga ɗaruruwan kilomita, ta Kaduna, a kan layi guda mai bolt 330,000, ta sauka a Kumbotso.

To ina Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni a cikin wannan rabo? A ɓangaren kwana suka faɗo. Asalinsu ƙauyuka ne da gonaki a bayan ganuwa, kudu da birni, kuma sunan Ƙauyen Alu, ɗaya daga mazaɓun Tarauni, shi kaɗai ya isa shaida. Birni ya miƙo ƙafa ta titin Zariya da titin Gidan Zoo da titin Maiduguri ya haɗiye su. Aka yanka filaye, aka gina rukunin gidaje irin su Kundila, ma'aikatan sabuwar jiha da 'yan kasuwa suka tare, a 1988 aka kafa asibitin koyarwa na Aminu Kano a bakin titin Zariya, a shekarun 1990 Tarauni ta zama ƙaramar hukuma da hedikwata a Unguwa Uku. Injiniyan da ya zo dasa falwaya a wancan lokaci gidaje ya ƙirga, kuma gidan zamanin ƙwan fitila ne da fanka da rediyo da dutsen guga, sai ɗaiɗaikun masu firji. A kan wannan lissafi ya zaɓi girman taransifoma da kaurin waya. Bai yi kuskure ba, abin da aka ce ya lissafa ke nan.

Wutar tana saukowa ne hawa-hawa kafin ta iso shago. Daga 330,000 a Kumbotso a rage ta zuwa 132,000, a tura ta tashoshi irin na Ɗan Agundi da Dakata, can a mai da ita 33,000, a ƙananan tashoshi ta koma 11,000, sannan taransifomar unguwa ta sauke ta zuwa bolt 415 tsakanin layi da layi, ko 230 zuwa 240 tsakanin layi ɗaya da waya ta huɗu da masu gyaran wuta ke kira nutural. Bolt shi ne ƙarfin turi, kamar matsin ruwa a famfo. Amfiya kuwa yawan abin da ke gudana ne. Taransifoma mai KVA 300, irin wadda ta yawaita a unguwanni, iyakarta amfiya 417 a kowane layi. Mai 500 kuma kusan 700. Wannan ita ce randar da unguwa duka ke sha daga ciki.

Sai shekarun 1980 suka zo da nasu. Farashin mai ya faɗi, a 1986 aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP, naira ta karye, kayan gyara da ɗanyen kaya daga waje suka yi tsada, wutar NEPA ta fara wasan ɓuya, daga baya kayan Sin masu arha suka cika kasuwa. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Calawa suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne kowace babbar masana'anta tana da ɗakin gyaranta, da injinan sassaƙa da na huda da na walda, da ƙwararrun da suka shekara a kansu, wasu daga makarantun koyon sana'a na gwamnati, wasu a nan cikin aiki suka koya. Da aka rufe ƙofa waɗannan mutane ba su manta sana'a ba, injinan ma ba su narke ba. An yi gwanjonsu, an ƙara da na hannu daga Turai, suka bazu cikin gari. Mutum ya nemi shago inda haya ke da sauƙi kuma mai kawo aiki ke kusa. Unguwannin titin Zariya sun cika sharuɗɗan biyu: ga gine-gine na tashi masu neman ƙofa da taga da tankin ruwa, ga motocin tashar Unguwa Uku da garejojin kewayenta masu neman a gyara musu abin da sabonsa ya gagara saye, ga masu niƙa da markaɗe a kowane lungu. Ƙarfen a ɗauko daga Ƙofar Ruwa, aikin a yi shi a gaban gida. Masana'anta ta taso daga inda aka tanadar mata ƙarfi ta tare a inda aka tanadi haske, aka ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Bari mu shiga shago ɗaya mu yi lissafi. A ce yana da injin sassaƙa mai doki biyar, da injin huda mai doki ɗaya, da dutsen wasa ƙarfe mai doki ɗaya, da injin iska mai doki uku. Doki goma ke nan, kilowat bakwai da rabi. In ka haɗa da asarar da ke cikin moto da yadda yake jan wutar da ba duka yake mayarwa aiki ba, shagon yana neman KVA goma zuwa sha ɗaya. A takarda wannan ba komai ba ne a gaban taransifoma mai 300. Moton doki biyar mai layi uku amfiya bakwai zuwa takwas yake sha a kowane layi in yana tafiya. Amma irinsa mai layi ɗaya yana shan ashirin da biyar ko fiye, duk a kan waya guda. Nan ne mai layi ɗaya ya fara cutuwa.

Babbar matsalar ma a tashi take. Moto kamar amalanke ne da aka labta wa kaya, turin farko shi ne wahala. A daƙiƙun da yake tashi yana fizgar wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake sha in ya daidaita. Mai amfiya takwas sai ya nemi arba'in da biyar, mai ashirin da biyar ya nemi wajen ɗari da hamsin, alhali mitar gida ta layi ɗaya amfiya sittin zuwa tamanin aka yi ta ta ɗauka. Wannan fizga ita ce kuke gani in ƙwan ɗakinku ya yi kamar zai mutu sannan ya dawo. Akwai dabarar tayar da babban moto a hankali, wadda ke rage fizgar zuwa kashi ɗaya cikin uku, amma sai mai layi uku, kuma sai an kashe kuɗin akwatinta.

Sannan ga rabin wuta. Ƙa'idar rarraba lantarki ta ƙasa ta yarda bolt ya hau ko ya sauka da kimanin kashi shida cikin ɗari. Duk wanda ya taɓa kallon allon sitabilaiza a ƙarshen dogon layi, a watan Afrilu da zafin Kano ya haura digiri arba'in kowa ya kunna abin sanyaya ɗaki, ya san 180 ba baƙuwar lamba ba ce, har 160 ana gani. Ƙwan fitila na zamani ba ruwansa, zai kama. Moto kuwa ƙarfin juyinsa yana faɗuwa fiye da yadda wutar ta faɗi: daga 230 zuwa 180 ya rasa kusan kashi 40 cikin ɗari, a 160 ya rasa fiye da rabi. Kuma ba ya haƙura. Sai ya ƙara jan amfiya don ya cike giɓin, wayar cikinsa ta yi zafi, fentin da ke raba ta da 'yar uwarta ya ƙone, ka ji ƙauri. Mu koma kan matan nan uku. In fiyus ɗin layi ɗaya ya tsinke a taransifoma alhali inji na tsakiyar aiki, ɗaya daga cikinsu ce ta ajiye taɓarya. Moton ba zai tsaya ba, zai ci gaba yana gurnani, biyun da suka rage suna ɗauke da aikin uku, har su ƙone. Daga nan ne wata sana'a guda ta samu gindin zama, ta masu naɗin koyil, waɗanda ke kwance ƙonanniyar waya su ƙirga zagayenta su naɗa sabuwa. Gwanaye ne na gaske. Amma kasuwarsu ma'auni ce ta lalacewar wutar gari, kuma moton da aka naɗa sau biyu sau uku da wuya ya koma yadda kamfani ya yi shi.

Mai walda shi ne aka fi jin haushi a unguwa, kuma akwai dalili. Injin waldan gida, wanda ake naɗawa a nan Kano a zuba a akwatin katako ko na ƙarfe, yana iya jan amfiya arba'in ko fiye daga layi ɗaya duk lokacin da aka ɗosana, ya saki, ya sake ja. Goma irinsa in suka haɗu a layi guda sun shanye rabon layin nan na taransifoma mai 300 kaf, ba a ƙirga gida ko ɗaya ba. Sai kuma al'adar canza layi ta ƙara dagula lissafi. Kowane gida da fiyus uku a bango, da an ga wannan layi ya yi sanyi sai a zare a mayar wancan, cikin awa ɗaya kowa ya tattaru a kan mai ƙarfin, shi ma ya durƙusa. Taransifoma tana son a raba mata kaya daidai a kan kafaɗunta uku. In ta gaji ta buga, sai a shiga karo-karo gida-gida, a yi zaman majalisa, a nuna shagon ƙarfe da yatsa.

A ganina an yi wa mai shagon rabin adalci ne kawai. Gaskiya ne kayansa sun fi na kowa nauyi, kuma akwai masu ɗaura waya ta bayan mita, wannan sata ce ba ta da wani suna. Amma mutumin da ke ƙera wa unguwa ƙofofinta, yake gyara injin da ke niƙa mata tuwo, yake riƙe da yara biyar ko goma da ba don shi ba suna bakin titi, bai zaɓi ya zauna a kan wayar fitila don mugunta ba. Ba a taɓa ware masa wani wuri mai wayar da ta dace da shi ba. Tsarin ya san mai gida, ya san mai masana'anta, shi da ke tsakiya ba a buɗe masa shafi ba.

Hanyoyin da suka rage masa duk masu tsada ne. Zai iya neman a ja masa layi uku, in suna wucewa ta ƙofarsa kuma ukun suna zuwa tare. Zai iya sayen taransifomarsa, amma wanda buƙatarsa ta kai KVA 45 ya shiga ajin manyan masu shan wuta, da mitarsu da farashinsu daban, kuma kuɗin taransifoma da falwaya ya fi ƙarfin jarin yawancin shagunan. Sai janareta. A nan ma fizgar tashi tana biye da shi, don janaretan da zai tayar da moto kai tsaye sai ya ninka shi sau biyu da rabi zuwa uku. Mai doki biyar yana neman KVA goma sha biyar, ya tashi da shi cikin daƙiƙa uku, sannan ya wuni yana ƙona man babban inji a kan ƙaramin aiki. Ƙaramin janaretan nan da ake wa laƙabi da "na fi maƙwabcina", wanda aka hana shigo da shi a 2015, bai kai kilowat ɗaya ba, ko injin huda mai kirki ba zai tayar ba. Wasu kuwa suka yanke shawarar da ta fi kowacce ban mamaki ga mai karanta tarihi: suka cire moton gaba ɗaya, suka girke injin dizal mai fistin ɗaya, irin Lister na Ingila ko 'yan uwansa na Indiya da Sin, suka ja bel zuwa injin aiki. Masu niƙa sun daɗe a kan haka. Wato an koma tsarin sanda da bel da Turai ta bari shekara ɗari da suka wuce.

Sauye-sauyen da aka yi daga sama ba su taɓa wannan ƙulli ba. Dokar 2005 ta rushe NEPA ta kawo PHCN da hukumar sa ido ta NERC. Ranar 1 ga Nuwamba 2013 aka miƙa rarraba wutar Kano da Katsina da Jigawa ga KEDCO a hannun 'yan kasuwa. Rabon da aka yanka wa kamfanin kashi 8 cikin ɗari ne na abin da ƙasa ta samar, ƙasar kuwa ta daɗe tana yawo tsakanin megawat 4,000 da 5,000. In 4,000 ne, jihohi uku za su raba 320. A 2020 aka kasa masu shan wuta rukuni-rukuni: A awa 20 a rana, B 16, C 12, D 8, E 4. Ku duba ma'aunin da kyau, awa ce. Tambayar mai fitila ce aka mayar doka. Awa goma sha biyu da ta zo da dare, ko ta zo a layi biyu, ko ta zo a bolt 170, a takarda an cika alkawari, a shago kuwa ba a yi aikin sisi ba. Shi ya sa za ka ga wasu sun mai da dare rana, suna jiran gari ya yi barci wuta ta ciko sannan su tayar da inji, maƙwabta kuma su kwana da ƙarar yankan ƙarfe.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Dizal ya ninka fiye da sau biyu a 2022, ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin fetur, a Afrilun 2024 yunit ɗin rukunin A ya tashi daga ƙasa da naira 70 zuwa 225, kafin a ɗan sassauta. Janaretan dizal mai lafiya yunit uku yake bayarwa a lita, to da lita ta haura naira dubu, yunit ɗaya ya wuce naira 330 a mai kaɗai, ban da gyara. A Oktoban 2024 kuma, bayan an lalata turakun layin Shiroro zuwa Kaduna, layin da ke zagayowa ta Inugu da Makurɗi ya samu matsala, Kano da yawancin Arewa suka kwashe fiye da mako guda cikin duhu. Mai ɗinki ya koma keken ƙafa, mai aski ya sa batir. Injin sassaƙa ƙarfe ba shi da keken ƙafa.

Sababbin ayyukan hasken rana ma tsohuwar hanya suka bi. Wanda aka kai kasuwar Sabon Gari a 2018 na rumfuna ne, masu neman fitila da fanka da caji. Mai megawat 7.1 da aka buɗe a Jami'ar Bayero a 2019 na jami'a ne. Mai megawat 10 da aka ƙaddamar a Kumbotso a Janairun 2023 a rukunin masana'antun Calawa aka girke shi. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, wanda ke nufin a karon farko tun zamanin En'e ana iya zama a Kano a yanke cewa wani layi a Tarauni na masu sana'a ne, a ba shi taransifomarsa da layi uku da rana, a raba shi da na gidaje.

Sauƙin da ya iso shagunan zuwa yanzu daga kasuwa ya zo. Ƙaramin injin waldan nan na zamani da ake ratayawa a kafaɗa yana shan wuta ƙasa da na naɗin gida sosai, har matsakaicin janareta yana riƙe shi, kuma ya sauya sana'ar walda cikin 'yan shekaru. Akwai kuma akwatin da ke karɓar layi ɗaya ya fitar da uku, ya tayar da moto a hankali ba fizga, wanda da shi ne sola da batir suka fara iya juya ƙananan injina. Amma galibin irin wannan akwati doki uku yake tsayawa, in ya yi yawa biyar, kuma 230 yake fitarwa, sai an sake ɗaurin wayoyin moton kafin su daidaita. Tsofaffin injinan Ingila da suka fito daga Bompai da Sharaɗa, masu doki bakwai da rabi zuwa goma, waɗanda su ne ke iya sassaƙa babban aiki, har yanzu abin da ke rubuce a ɗan farantin jikinsu suke jira: bolt 415, layi uku.